Wace madara za ki saya kafin ki ɗora tukunyar tuwon madara?

Ana saura mako guda Sallah, duk wadda ta shiga layin masu kayan fulawa a kasuwar Wunti da ke Bauchi za ta tarar da mata tsaye gaban buhunan madara, ana auna musu da gwangwani, kowacce da tambaya iri ɗaya: "Malam, wacce ce mai kyau?" Shi kuma amsarsa ba ta canzawa: "Hajiya, duka masu kyau ne." In shayi za a sha, gaskiya ya faɗa. Amma tuwon madara ba ya rufa wa madara asiri. Abu uku ne kawai a cikinsa, madara da sukari da ruwa, babu yaji babu ɗanɗano da zai ɓoye aibi, don haka abin da kika sayo shi za ki tarar a faranti.

Kafin a zo kan saye, sai ki fara yanke wanne za ki yi, domin iri biyu ne kuma kayansu ba ɗaya ba ne. Akwai namu na gida: a dafa sukari da ruwa har ya yi danƙo, a zuba madarar gari a tuƙa, a juye a tire, a murza a yanka. Akwai kuma ɗan uwansa da Turawa ke kira faj, wanda ya yi suna a Amurka tun shekarun 1880 a hannun ɗalibai mata na kwalejin Vassar da ke jihar New York. Shi ana haɗa madarar ruwa da sukari da bota ne a dafa su tare, a bari ya huce, sannan a buga shi har ya kama jikinsa. Namu ya fi sauri, ya fi jure zafin garinmu, kuma shi ya dace da mai sayarwa. Nasu ya fi laushi, yana narkewa a baki, amma yana son haƙuri da tukunya mai kyau. Ni dai ina yin duka biyun, kuma a duka biyun na gano kuɗin da ya kamata a kashe a kan madara ne, sauran kayan ana iya sassautawa.

Madarar gari da ke kasuwa kashi uku ce, ko da yake duk fara ce a ido.

Ta farko ita ce mai cikakken maiƙo, wadda za ki ga an rubuta "full cream" a jikin ledarta ko gwangwaninta. Nonon saniya ne aka busar ba a cire masa komai ba sai ruwa, kuma a ƙa'idar abinci ta duniya maiƙon da ke ciki bai kamata ya gaza kashi 26 cikin 100 ba. Peak ta kamfanin FrieslandCampina WAMCO, wadda take Najeriya tun 1954, da Nido ta Nestlé, da Loya, da Dano mai cikakken maiƙo duk suna wannan layin. Launinta yana ɗan karkata zuwa ruwan ƙwai, in kika murza ta tsakanin yatsu za ki ji santsi, in kika dunƙula a tafin hannu tana ɗan tsayawa kafin ta wargaje. Tuwon da aka yi da ita yana fita da ƙamshin nono na gaske, yana yankuwa sumul ba ya marmashewa, kuma ko bayan kwana uku yana nan da taushinsa. Ita ce mafi tsada, babu ja. In na gida ne, ko na gara, ko wanda za a kai wa surukai, ban ga dalilin da zai sa a sayi wata ba.

Ta biyu ita ce wadda aka cire wa man shanunta aka mayar mata da man tsirrai, galibi na kwakwar manja da aka tace. A jikinta ana rubuta "filled". Cowbell, wadda kamfanin Promasidor ya shigo da ita a 1993 cikin ƙananan ledoji, ita ta fi suna a wannan layin, sai Three Crowns da Miksi da Dano Cool Cow. Mutane da yawa ba su san ba iri ɗaya ba ce da ta farko, sai dai su ce wannan ta fi araha. Ba algus ba ne, kamfanonin sun rubuta abin da ke ciki ɓaro-ɓaro, kuma tana yin tuwon madara lafiya lau: yana fita fari tas, yana kama jiki da wuri. Inda ta gaza shi ne ƙamshi da gardi. Mai sana'a da ke ƙullawa a leda tana kaiwa makaranta ko shago, wannan ce za ta fitar mata da riba. Wata dabara da na koya wurin goggona ita ce a haɗa: gwangwani biyu na wannan, ɗaya na mai cikakken maiƙo. Ƙamshin yana dawowa sosai, kuɗin kuma bai kai na zalla ba.

Ta uku ita ce mara maiƙo kwata-kwata, wadda maiƙonta bai wuce kashi 1.5 cikin 100 ba. Masu yogot suna sonta. Ga tuwon madara kuwa sai ya fito da tauri, yana manne wa haƙori, sai an ƙara masa bota kafin ya ciwu.

Yanzu ga inda matsalar take: madarar awo. Dukkan waɗannan ukun suna zuwa a buhu mai kilo 25, a buɗe a riƙa aunawa da gwangwani ko mudu, kuma da zarar an juye ta a roba ba mai iya sanin wacce ce wacce. Har ma akwai wani farin gari na huɗu da ake sa wa kofi da shayi don su yi fari, wanda ba madara ba ne sam, haɗin gulukos ne da man tsirrai da ɗan furotin na nono. Shi na taɓa sayowa da sunan madara, ana jibi sunan ɗiyar ƙanwata. Na dafa sukarina ya yi danƙo daidai, na zuba garin ina tuƙawa, sai na ga yana narkewa yana zama kamar kunu maimakon ya haɗe. Na ƙara, na ƙara, har mudun ya ƙare. Da na juye a tire sai mai ya taso sama yana ƙyalli, ƙasan kuma ya tsaya kamar cingam, wuƙa ba ta yanka shi. Goggo ta ɗebi ragowar garin ta ɗora a harshe, ta ce, "'Yar nan, ai wannan zaƙinsa ya yi yawa, madara ba ta zaƙi haka." Tun ranar ban sake sayen ta awo ba sai na ga buhun da idona.

Ba ina cewa a guji ta awo ba ne, domin ta fi ta gwangwani araha nesa ba kusa ba, kuma yawancin masu sana'a da ita suke aiki. Ki dai ce wa mai shagon ya nuna miki buhun, ki karanta sunan, da ranar lalacewa, da lambar NAFDAC. Ki shinshina: madarar da ta daɗe a buɗe tana warin tsohon mai, musamman mai cikakken maiƙo a lokacin bazara. Ki duba ko ta yi gudaji masu tauri, alamar ta sha laima ke nan. Mai gaskiya ba zai ji haushi ba. In za ki sayi da yawa, ki fara da gwangwani ɗaya, ki je gida ki gwada a ƙaramar tukunya, gobe ki dawo.

Madarar ruwa ta gwangwani kuwa ta masu faj ce. Iri biyu ce ita ma, kuma ana yawan rikita su. Akwai mara zaƙi irin wadda muke zubawa a shayi, an ƙone mata kusan kashi 60 cikin 100 na ruwanta. Akwai mai kauri mai zaƙi, wadda fiye da kashi 40 cikin 100 nata sukari ne. Mai zaƙin ta fi sauƙin sha'ani ga mai koyo, domin an riga an yi miki rabin aikin: gwangwani ɗaya mai giram 397, da sukari giram 450, da bota giram 115, da madarar ruwa kamar rabin kofi da ɗan ɗori, sun isa cika ƙaramin tire. Sai dai tana saurin kamawa a gindin tukunya, ba a sakin muciya ko na minti ɗaya. Mara zaƙin ta fi samuwa a kowane shago, amma tana ɗaukar lokaci a wuta. In girkin da kika samu ya ce mai zaƙi, kada ki musanya da ɗayar, ba zai daskare ba.

Wasu za su ce ga shanu a ko'ina cikin jihar nan, me ya kai mu sayen ta gwangwani? Ɗanyar madarar shanu tana yin alewa mai daɗin da ba a kwatantawa. Amma kusan kashi 87 cikin 100 nata ruwa ne, wato lita huɗu kusan rabin kilo kawai na tsantsar madara za ta ba ki, bayan kin daɗe a gaban murhu kina juyawa. Kuma abin da masu tallar nono ke kawowa gari yawanci kindirmo ne ko tsala, waɗanda tsaminsu ke sa su tsinke a wuta. Sai kin yi magana da mai nonon tun jiya ta kawo miki tatsar safe, ki tace ki tafasa nan take. Ranar da kike da lokaci da gawayi, ki gwada. Ba ta sana'a ba ce.

Sukari ba shi da dogon zance. Farin sukari na awo, Dangote ko BUA, ya wadatar, in dai busasshe ne ba ya dunƙulewa. Mai ƙwaya irin St Louis yana yi, asarar kuɗi ce kawai tunda narkar da shi za a yi. Niƙaƙƙen sukarin kwalliyar kek akwai sitaci a ciki, ki bar shi. Mazarƙwaila ce kaɗai ta cancanci a tsaya a kanta: tana ba da launin ƙasa-ƙasa da ƙamshin rake mai shiga rai, amma tana hana alewa daskarewa da kyau, kuma ɗan tsaminta na iya tsinka madarar ruwa. Kashi ɗaya cikin huɗu na sukarin ya isa, a narkar a tace saboda yashi da ɓawon rake.

Wajen mai, bota ta gaske tana da maiƙo kashi 80 zuwa 82 cikin 100, ita ce ta fi, amma tana son firiji, wutar kuma mun san halinta. Irin Blue Band da ake shafa wa burodi tana maye gurbinta, sai dai ki duba jikin robar, domin mai ƙarancin maiƙo ruwa ya fi yawa a ciki, kuma yawanci da gishiri. Ni na fi son soyayyen man shanu, cokali ɗaya ko biyu, da sharaɗin ba wanda aka soya da albasa ba. Wanda ake sayarwa a kwalba galibi na miya ne, an sa masa albasa, ƙamshinta kuma ba ya fita. Ki sayi ɗanye ki wanke ki soya da kanki. In kina son na cakulan, ki nemi tsantsar garin koko a shagon masu kayan kek. Milo da Bournvita akwai sukari da sauran haɗi a cikinsu, launi kawai za su ba ki da ƙarin zaƙi.

Tukunya ita ce abu na biyu bayan madara. Siririyar tukunyar silba tana tara zafi wuri ɗaya, kafin ki ankara gindin ya ƙone, ɗacin ya bi duka. Ki nemi mai kaurin gindi, mai zurfi, wadda kayan ba za su wuce sulusinta ba, domin madara da sukari suna kumfa su taso sosai, kuma tafasasshen sukari in ya taɓa fata ya fi ruwan zafi ɓarna. Yara su yi nesa da murhun. Muciyar kuma a ware mata ta daban, wadda ba ta taɓa shiga miya ba. Gas ya fi gawayi a wannan aikin don ana iya rage shi nan take. In kurfoti ne, ki bari garwashin ya lafa tukuna.

Sai ma'aunin zafi. Mai tuwon madara ba ta buƙatarsa. Mai faj tana iya saye, amma ta san wannan: ana sauke faj ne tsakanin digiri 112 da 116 a ma'aunin Salshiyos, lissafin da aka yi shi don garuruwan bakin teku. Bauchi tana sama da teku da kusan mita 600, kuma duk hawan mita 300 yana rage zafin tafasar ruwa da kusan digiri ɗaya, don haka a nan ruwa yana tafasa wajen digiri 98. Ki cire biyu daga lissafin, ki sauke tsakanin 110 da 114, in ba haka ba ya fito a bushe yana marmashewa. Ranar da kika sayo ma'aunin, ki tsoma shi a tafasasshen ruwa ki ga me ya nuna. In ba ki da shi, kofin ruwan sanyi ya isa: ki ɗiga kaɗan a ciki, in ya dunƙule ya zama ƙwallo mai laushi da za ki iya latsawa da yatsa, ya yi. Daga nan kada ki taɓa shi sai ya huce zuwa wajen digiri 43, yadda za ki iya riƙe gindin tukunyar da tafin hannu, sannan ki buga har ƙyallinsa ya dushe. Bugawa da zafi shi ke sa ƙwayoyin sukari su yi girma, a ji shi kamar yashi a baki.

Yawan abin da za ki saya ya danganta da lokacin shekara. Da hunturu alewa tana kama jiki da wuri, tana daɗewa, abin tsoro kawai ta bushe, sai a rufe ta a roba mai murfi. A watan Maris da Afrilu mai bota da yawa tana sakin jiki tun kafin a kai ta inda za a kai, gara namu na gari. Da damina, musamman Agusta, sukari yana jan laimar iska, alewar ta riƙa gumi a leda, madarar da aka buɗe kuma ta dunƙule cikin 'yan kwanaki. A wannan lokacin ba na sayen fiye da abin da zan tuƙa a mako, ragowar kuma ina juye ta a kwalba mai murfin murɗawa tun a ranar da na dawo daga kasuwa.