Bayan tiyatar maƙoƙo: wane gwajin jini ya cancanci kuɗinka?

A bayan tayirod, wato halittar gaban wuya da kumburinta ke kawo maƙoƙo, akwai wasu 'yan halittu huɗu, kowacce kamar ƙwayar shinkafa, ana ce musu faratayirod. Su ke fitar da sinadarin PTH mai riƙe kalsiyam a jini. Idan an cire tayirod gaba ɗaya, sukan ji rauni, kalsiyam ya ragu a jini, sai majinyaci ya ji kamar kiyashi na yawo a leɓensa, yatsu su ƙage. Yawanci faratayirod ɗin suna farfaɗowa. Sai matsalar ta wuce wata 12 ake kiranta ta dindindin, a da kuwa wata shida ake ƙirgawa.

Gwajin kalsiyam shi ne mai araha, kusan kowane asibiti na yi. Aibinsa jinkiri: kalsiyam kan kai kwana ɗaya zuwa uku kafin ya faɗi ƙasa sosai. Ke nan ana iya sallamar mutum da sakamako mai kyau, ya isa gida hannu ya ƙandare. Kuma da zarar an fara shan ƙwayar kalsiyam, adadin ba ya nuna halin da faratayirod ke ciki.

Gwajin PTH ya fi tsada, sau da yawa ma sai an kai jinin wani ɗakin gwaji, amma ni shi zan biya. PTH ba ya daɗewa a jini, cikin 'yan mintuna rabinsa ke ɓacewa, don haka ba ya ɓoye komai. Idan aka auna tsakanin awa 12 zuwa 24 bayan tiyata aka samu sama da 10 pg/mL, da wuya ƙwarai a samu matsala ta dindindin. Idan ya yi ƙasa fa? Kada hankali ya tashi, galibin masu irin wannan sakamako suna warkewa. Kalsiyam da bitamin D za a ba ka, a sake aunawa bayan makonni. Sai dai ka tambaya tun kafin ka biya: yaushe sakamakon zai fito? Wanda zai zo bayan mako guda rabin amfaninsa ya tafi.

Akwai na'urori masu haska faratayirod ana cikin aiki, amma ba kowane asibiti ke da su ba.

Wanda ba a biyan ko kwabo kuwa, tambaya ce ga likitan tiyata: “Likita, faratayirod guda nawa aka bari a mazauninsu?” Wanda aka bar wa huɗu ya fi wanda aka bar wa biyu kwanciyar hankali. In kuma gefe ɗaya na tayirod kawai za a cire, biyun ɗaya gefen ba a taɓa su.