Hattara da mai tallan "Gibson ɗan Amurka" a farashin banza

'Yan'uwa makaɗa, musamman ƙannenmu da ke tara kuɗin sayen jitar lantarki ta farko don kiɗan rok da metal, a yi hattara. Akwai wani mai talla da ke yawo a Facebook da Instagram da zaurukan WhatsApp na mawaƙa. Yau ya ce yana Legas, gobe ya ce kayansa na Kwatano. Ba zan kama suna ba, don sunan da yake amfani da shi ba nasa ba ne, kuma kafin wannan rubutu ya zagaya ya riga ya buɗe wani shafin. Salon aikinsa ne ba ya sauyawa.

Hotunan jitocin manyan kamfanoni yake fara zubawa masu ɗaukar ido: Gibson Les Paul, Gibson SG, Ibanez RG, wani lokaci ESP. Duk ya ce na hannu ne daga Amurka, kuma mai su na sauri ne, ko zai bar ƙasa, ko kwantena ta iso ana neman kuɗin fitar da ita. Ya iya magana da sabon shiga ƙwarai. Da ka ce metal kake so, zai ce ai wannan baƙar ce ta dace da kai, har ya turo maka bidiyon wasu hannaye suna kaɗa ta, bidiyon da ya kwaso daga intanet. Sai ya nemi rabin kuɗi kafin alƙalami, wai mutum uku na layi. Lambar asusun da zai turo ba ta ɗauke da sunansa, in ka tambaya ya ce ta matarsa ce ko ta yaronsa mai POS. Kana turawa sai ga hoton takardar tasha da lambar wani "direba". Washegari direban ya kira, wai kwastan sun tare mota a hanya, sai an ƙara wani abu. Bayan kwastan sai kuɗin inshora. Ranar da ka ce ba ka da ko sisi, ranar za a toshe lambarka.

Wannan ita ce hanya ta farko. Ta biyun ta fi ɓata mini rai, domin a nan kayan na isowa, mai saye ya yi ta murna, bai san an cuce shi ba.

Wani yaro da nake koya wa kiɗa ya kawo mini tasa in gyara masa saiti, wai ta ƙi zama daidai. Daga nesa Les Paul ce sak, ga sunan Gibson yana walƙiya a ka, ga tambarin kamfanin EMG a kan fikof ɗin, wato maganaɗisun nan da ke ɗaukar motsin tsirkiya ya mai da shi sauti. Na fara da ɗan murfin da ke kan jitar, wanda ke rufe sandar ƙarfen da ke cikin wuya. Na Gibson na gaskiya sukuru biyu ke riƙe da shi, wannan uku ne. Da na kwance shi, maimakon notin da ake kamawa da ƙaramar sifana, sai na ga ramin alanki. Jakin da tsirkiyoyi ke hawa a kai kuma yana zaune ne kan wasu ƙattin kusoshi masu tsaga irin ta sukundireba, alhali na Gibson da 'yar faifan ƙarfe ake murza shi da yatsa. Sai na juya bayanta na buɗe ramin wayoyi. Fikof irin su EMG 81 ba sa aiki sai da batir mai bolt 9, amma babu batir, babu ma wurin maƙala shi. Murfin roba ne kawai aka buga wa suna aka kifa a kan fikof na banza. Gefen ramin kuma, inda fenti bai kai ba, katakon hawa-hawa ne, falankin da aka manna da gam.

Lambar shaida da ke bayan kan jitar, kada kowa ya dogara da ita. Kwafo ta suke yi daga hoton jita ta gaskiya, su buga lamba ɗaya a kan ɗaruruwa, har da "Made in USA" a ƙasanta. Kuma abin ba ƙaramin kasuwanci ba ne. A watan Nuwamba na 2024 hukumar kwastan ta Amurka ta sanar da kama jabun jitocin Gibson sama da 3,000 a tashar ruwan Los Angeles da Long Beach, waɗanda da na gaske ne da kuɗinsu ya haura dala miliyan 18. Idan har ana yunƙurin shigar da su ƙasar da ake ƙera na ainihin, a birnin Nashville, to mu da ba mu cika riƙe ta gaskiyar a hannu ba fa? Sabuwar Les Paul Standard ta haura dala 2,500, kuma ta hannu ma ba ta faɗuwa warwas. Duk wanda ya ce zai ba ka ita a kuɗin wayar hannu, ya san abin da yake sayarwa.

Asarar kuɗin da ciwo, amma ba ita ce babbar illar ba. Ƙarafunan da ke jere a wuyan jitar yaron nan ba su daidaita ba, wani ya ɗara wani tsawo, wasu ma ba a kafa su a gurbinsu ba. Ka saita tsirkiya a sake ta yi daidai, kana danna ta a gida na 12, wato tazara ta 12 tsakanin ƙarafunan nan, sai ta kauce. Gwani zai ji nan take ya ce kayan ne. Mai koyo kuwa kansa zai zarga. Yaron ya daɗe yana fama, yatsunsa sun yi kanta, yana ganin kamar shi ne ba shi da kunne, har ya fara cewa wataƙila kiɗa ba rabonsa ba ne. Da na miƙa masa wata tsohuwar Yamaha ya kaɗa abin da ya koya, sai ga shi ya fito tsaf.

Abin da ɗan damfarar nan ke kamawa shi ne kwaɗayin babban suna, alhali manyan kamfanonin da kansu suna da ƙananan layuka na halal don masu farawa. Gibson na da Epiphone, Fender na da Squier, Ibanez na da GIO, Jackson na da jerin JS, ESP na da LTD, ga kuma Yamaha Pacifica. Masu sauƙin cikinsu suna kamawa daga wajen dala 200 zuwa 300 a ƙasashen waje, kuma za su kai ka shekaru. Ga mai son metal, abin dubawa shi ne fikof na kusa da jaki ya zama hambaka, mai naɗin waya biyu. Seth Lover ne ya ƙirƙiro shi wa Gibson, ya hau kan Les Paul a 1957, kuma aikinsa kashe gunjin lantarki. Fikof mai naɗi ɗaya yana kwaso wannan gunji, in ka ƙara masa kaushin sautin metal sai ya ninka, balle a gidajenmu da janareta ke aiki kuma yawancin soket ba su da wayar ƙasa. Wanda kuma zuciyarsa ke wajen kiɗan Agadas, irin na Mdou Moctar da aka san shi da kaɗa jitar Stratocaster mai fikof masu naɗi ɗaya, amma yana son taɓa metal, Pacifica 112 ko Squier mai hambaka ɗaya da masu naɗi ɗaya guda biyu za ta yi masa duka.

Jakin Floyd Rose mai sandar lanƙwasa sauti kuwa, ni dai ba na ba mai farawa shawarar sa. Na gaskiyar ma tsirkiya ɗaya ta tsinke sauran duk sun kauce. Na jabun da ƙarfe mai laushi ake yin sa, bakinsa ya cinye cikin ɗan lokaci, daga nan ba saiti har abada. Mai tallan nan kuwa da shi yake yi wa yara ado.

A yi adalci: ba duk mai sayar da kwafi ne maƙaryaci ba. Akwai 'yan kasuwa da za su gaya maka gaskiya cewa ta Chaina ce, su sayar maka a kuɗinta. Wannan ciniki ne, ka gani ka yarda. Haka nan a lokacin hunturu katako na tsukewa, bakin ƙarafunan wuya ya ɗan fito yana kartar hannu, ko da jitar ta kirki ce. Sai dai mutumin nan ya mai da hunturu mafaka, kowane aibi aka nuna masa sai ya ce iskar Arewa ce.

Yana kuma haɗawa da "kyautar" amfilifaya. A duba bayanta kafin a jona. In an rubuta 120V kaɗai, ta wutar Amurka ce, tamu kuwa a Najeriya da Nijar 220 zuwa 230 ce. Ba tare da tiransifoma mai rage wuta ba, hayaƙi za ka gani.

Ba a cinikin biri a sama. Ka riƙe jitar a hannu, ka jona ta, ka danna kowace tsirkiya a kowane gida tun daga sama har ƙasa, ka murza kowane maɓalli ka ji ko yana ƙarar yashi, ka hango wuyan daga kai ka ga ko ya murɗe. In ba ka iya ba, ka tafi da wanda ya iya, ko makaɗin coci ne ko na gidan biki, ka biya masa kuɗin mota. In kayan na wani gari, ka nemi kiran bidiyo kai tsaye, ka ce ya rubuta sunanka da kwanan watan ranar a takarda ya ajiye kusa da kan jitar, ya juya bayanta, ya kwance ɗan murfin nan da ke rufe sandar cikin wuya. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan. Namu mutumin, nan take kyamararsa ke lalacewa.

Wanda ya riga ya tura kuɗi, ya garzaya bankinsa a ranar ya shigar da ƙorafi a rubuce, don da zarar an kwashe kuɗin daga asusun can, dawo da su sai an sha wuya. Ya adana hotunan hirar da rasit da lambar asusun kafin a goge shafin, ya kai wa 'yan sanda ko EFCC. In kuwa shago ne mai adireshi ya sayar masa da jabu da sunan na gaske, hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC na karɓar irin wannan ƙara. Kuma da zarar ka bayyana a fili cewa an damfare ka, wani zai biyo ka ta saƙo ya ce shi gwanin kwamfuta ne, zai ƙwato maka kuɗinka in ka ba shi na aiki. Kada ka tura masa ko naira ɗaya, sau da yawa abokin na farkon ne.