Jijiyar bayan cinya ko ta ƙoƙon gwiwa?

Ɗan'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Tunda likita ya ce ka zaɓa tsakanin jijiyar ƙoƙon gwiwa da ta bayan cinya a madadin ACL ɗinka, wato jijiyar tsakiyar gwiwa, da ta tsinke, ɗauki ta bayan cinya. Ita aka sa mini.

Tawa a ƙwallon yamma ta tsinke, nan Mabera: na kafa ƙafa na juya, sai na ji ɗas. Jijiyar tana can tsakiyar gwiwa, ta gitta da 'yar'uwarta ta baya, ita ke hana ƙashin ƙwauri zamewa gaba daga ƙarƙashin ƙashin cinya, ita ke riƙe gwiwa in ka murɗa. Shi ya sa tafiya a miƙe ba ta damunka, amma wajen juyawa ko sauka daga mashin sai ƙafar ta ƙwace. Ba ɗinke ta ake yi ba. Rami ake hudawa a ƙasusuwan biyu a zura wata. Ni jijiyoyi biyu aka ciro ta wani ɗan yanka a saman ƙwauri, aka ninka su suka zama huɗu.

Watanni na yi ina sallah a kan kujera. Ranar da na fara kai goshina ƙasa a masallacin unguwarmu, gwiwar ta ɗauke ni ba zafi a gabanta, wallahi sai da na yi hawaye. Cinyar dai ta yi rauni, kuma jijiya tana ɗaukar kamar mako 12 kafin ta kama ƙashi, don haka kada ka yi wasa da gashin ƙashi. Ƙwallo kuwa sai bayan wata 9.

Ta ƙoƙon gwiwa ba a raina ƙarfinta. Sulusin tsakiya ake yankowa, faɗin kamar milimita 10, da guntun ƙashi a kowane kai, ƙashi kuma ya fi saurin haɗewa da ƙashi, mako 6 zuwa 8. Masu cin abinci da ƙwallo su je can. Amma yankan yana daidai inda kake ɗora nauyi in ka durƙusa, kuma da yawa suna daɗewa da ciwon wurin. Kai da ke sujada 34 a farillan yini kaɗai, ka yi lissafi.

Ka kiyayi masu tallan safar roba da man shafawa da ke rantsuwa wai suna haɗa jijiya. Na saya, na yi asarar kuɗi da wata shida, gwiwar na ta ƙwacewa har gurunguntsin ciki ya taɓu. Wanda duk ya ce ya ga jijiyarka a eksire ma ka bar wurinsa, ƙashi ke fitowa a nan. Riƙe hoton MRI ɗinka, wanda ke nuna jijiya, ka koma wurin likitan ƙashi, ka gaya masa a fili cewa durƙuso ne ya fi damunka.