Gahawa da Dabino, ko Fura da Nono?

A Madina na ga yadda suke tarbar baƙo: gahawa mai ruwan ɗorawa a ɗan finjali, da dabino a gefe don ya kashe ɗacin. Ba a cika finjalin. In ta ishe ka sai ka girgiza shi, mai zubawa ya gane. Abin ya burge ni, har butarta na sayo.

Amma a ƙauyenmu na ƙasar Ringim, baƙo kan iso ne rana ta dake shi. Ƙwaryar furar geron da Inna ta dama da kindirmo, ƙamshin citta da kanumfari na tashi, ita ke dawo masa da hayyacinsa. Gahawar na ajiye ta don hirar bayan Magariba. Wanda ya sha tafiya kuwa, ludayi nake miƙa masa.