Hoda, Kumfa ko Iska: Zaɓen Kayan Tunkarar Malala da Gobarar Sinadari Mai Kama Wuta

Duk wanda yake ajiye fetur, dizal, kananzir, sinadarin tsinka fenti, asiton ko metanol, ko da duro ɗaya ne, wata rana zai tsaya gaban mai sayar da kayan kashe gobara yana duban jajayen tukwane masu kama da juna. Kuskuren da na fi gani shi ne a zaɓi tukunya saboda girmanta, ba tare da an tambayi wane ruwa ne ake tsoron ya kama wuta ba. Amsar wannan tambaya tana cikin takardar bayanin tsaro da ake kira SDS, wadda ya kamata ta biyo kowane sinadari daga masana'anta. Sassa 16 gare ta, amma uku ne suka fi shafar mai saye: sashe na 5 yana faɗin abin da ke kashe wutar sinadarin da abin da bai dace ba, na 6 yana bayanin yadda ake kwashe shi idan ya zube, na 8 kuma ya ƙunshi kayan kariyar jiki.

Abin da ke cin wuta tururin da ke tashi daga ruwan ne, shi ya sa ake duba ma'aunin zafin da sinadari ke fara fitar da tururi mai kamawa. Na fetur yana wajen digiri 43 ƙasa da sifili a ma'aunin Salsiyos, na asiton wajen 20 ƙasa da sifili, na etanol kusan 13, yayin da dizal sai ya haura 52. Ma'ana, fetur da asiton a shirye suke su kama a kowane yanayi. Tururin ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa kamar ruwa, ya gangara cikin kwata ko ya ratsa ƙarƙashin ƙofa har ya iske tartsatsi a nesa, sannan wutar ta biyo sawunsa ta koma inda aka yi ɓarin. Tukunyar ruwa zalla ba ta cikin lissafi a nan, domin fetur yana tasowa saman ruwa ya bi shi duk inda ya malala yana ci. Abin nema a jikin tukunya shi ne harafin B, alamar gobarar ruwa mai kama wuta a tsarin Turai da na Amurka baki ɗaya.

Hoda ita ce ta fi saurin murƙushe harshen wuta, kuma ita ce zan fara ba wa shawara ga mai aiki a fili, kamar wurin loda tanka ko ma'ajiyar man janareta. Mai alamar ABC tana kuma kashe wutar katako da kwali, ba ta ɗaukar lantarki, sannan ita ce ke iya cim ma wutar man da ke tsiyaya daga bututu ko ke gangarowa daga sama, inda kumfa ba ta samun wurin kwanciya. Aibinta biyu ne. Ba ta sanyaya abin da ya ɗauki zafi kuma ba ta rufe fuskar ruwan, don haka wuta tana iya sake tashi bayan an ɗauka ta mutu. Sannan a cikin ɗaki, da zarar an matsa hannun tukunyar, farin gajimare yake turnuƙe wurin har mutum ya kasa ganin ƙofa, ga tari, ga garin da ke shiga injuna da kayan lantarki yana cin ƙarfe idan ya haɗu da laima.

Kumfa aikinta daban ne, kuma a nan ne mai saye ya fi bukatar natsuwa. Tana shimfiɗuwa a kan ruwan kamar bargo, ta raba shi da iska, ta danne tururi, ta kuma sanyaya gefen mazubi. Ga mai da ya taru wuri ɗaya, cikin tire ko buɗaɗɗen duro, babu kamarta wajen hana wuta dawowa. Sai dai kumfa ta yau da kullum, irin wadda aka rubuta wa AFFF kawai, an yi ta ne domin fetur, dizal da danginsu waɗanda ba sa gauraya da ruwa. Idan aka fesa ta a kan metanol, etanol ko asiton, sinadarin yana zuƙe ruwan da ke cikinta, sai a ga bargon yana narkewa daga gefe kamar kumfar sabulu a rana, wutar kuma tana nan. Waɗannan sinadarai suna bukatar kumfa mai alamar AR, wadda ke yin wata siririyar fata tsakaninta da ruwan. Wanda yake ajiye irin waɗannan ya sayi kumfar da ba ta da wannan alama, ya sayi kwanciyar hankali ne kawai, kuma wannan abu yana damuna ƙwarai domin ba a gane shi sai ranar da aka bukaci tukunyar. Wutar metanol ma da ƙyar ake ganinta da rana, mutum yana iya takawa cikinta bai sani ba.

Akwai kuma batun sinadaran PFAS da ke cikin tsohuwar kumfa, waɗanda ba sa ruɓewa a ƙasa ko a ruwa. Yarjejeniyar Stockholm, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla kan sinadarai masu gurɓata muhalli, ta sanya PFOS, ɗaya daga cikin dangin PFAS, cikin jerin abubuwan da aka taƙaita a 2009, ta ƙara da ɗan'uwansa PFOA a 2019, kuma ƙasashe da dama suna komawa ga kumfa marar fulorin, wato wadda ba ta ƙunshi PFAS ba. Mai sayen sabuwar tukunya gara ya nemi wannan, amma ya tabbatar an gwada ta a kan irin sinadarinsa. A tuna cewa kumfa ruwa ce, ba a dosar kayan lantarki masu wuta da ita.

Tukunyar iskar kabon dayoksaid, mai baƙin ƙaho a bakinta, ta dace da ɗakin gwaje-gwaje da wurin da ke da na'urori masu tsada, saboda ba ta barin datti. Iyakarta ke nan. A fili iska tana kwashe ta, a ƙaramin ɗaki tana rage iskar shaƙa, kuma tana fita da sanyin kusan digiri 78 ƙasa da sifili, wanda ke ƙona tafin hannun da ya riƙe ƙahon.

Lambar da ke gaban harafin B ta fi nauyin tukunya muhimmanci. A ma'aunin Turai na EN 3, alama kamar 34B, 144B ko 233B tana nuna litar ruwan da aka zuba a tiren gwaji, kashi biyu cikin uku mai, ɗaya ruwa. Ƙaramar tukunyar iska mai kilo 2 yawanci 34B take kaiwa, alhali hoda mai kilo 6 tana iya kai 183B ko fiye. A tsarin Amurka, lamba kamar 40-B tana nuna kimanin faɗin wutar a ƙafa murabba'i, don haka ba a gwama lambobin tsarin biyu kai tsaye. Ga ma'ajiyar da ke da rufi, ni haɗin biyu nake fifitawa: kumfar da ta dace da sinadarin a kusa da duro, hoda kuma a bakin ƙofa.

Mutane da yawa suna tsayawa a tukunya, su manta cewa yawancin lokaci malala ce ke riga wuta zuwa. Kayan tsane malala suna zuwa da launi: fararen shimfiɗu suna shan mai su ƙi ruwa, masu ruwan toka suna shan kusan komai, masu ruwan ɗorawa kuma an yi su domin sinadarai masu cin abu. Farar shimfiɗa ta dace da fetur da dizal, musamman inda ruwan sama ya gauraya da su, amma ba a dogara da ita ga barasar masana'antu irin su metanol da etanol. A nemi wadda aka rubuta cewa ba ta tara lantarkin gogayya. Busasshen yashi yana tare ruwa ya hana shi yaɗuwa, sai dai nauyi gare shi kuma shansa kaɗan ne. Garin katako kuwa a guje shi, domin ƙarin makamashi ne. Kowanne aka yi amfani da shi, abin da ya jiƙe yana ci gaba da fitar da tururi, saboda haka dole a haɗa da bokitin ƙarfe mai murfi da ke rufuwa ruf, da dogayen naɗaɗɗun shimfiɗu masu kama da matashin kai waɗanda ake kewaye malala da su, da marufin bakin kwata. Yawan kayan ya isa ya shanye mazubi mafi girma da ke wurin; jakar da ke shan lita 20 ba ta da abin yi gaban duro mai lita 200.

Shebur ya zama na tagulla ko wani ƙarfen da ba ya fitar da tartsatsi. Safar hannu ma ba ɗaya ba ce: ta naitiril tana jure fetur da dizal, amma asiton yana ratsa ta cikin 'yan mintuna, shi sai ta robar butil.

Dokar wuraren aiki ta Amurka ta ce kada tazara tsakanin ma'aikaci da tukunyar B ta wuce ƙafa 50, wato wajen mita 15, tare da dubawa kowane wata da cikakken gyara kowace shekara. Don haka kafin a biya, a tambayi mai sayarwa wa zai riƙa cika tukunyar da gwada ta. A duba allurar ma'aunin tana kan kore, fil ɗin yana nan da hatiminsa. Tukunyar iska ba ta da allura, auna nauyinta ake yi. Tukunyar hannu tana ƙarewa cikin ƙasa da minti ɗaya, galibi ma ba ta kai rabinsa ba. Idan wuta ta kai ga jeren duro, ko malala ta cika rufaffen ɗaki da wari, a fitar da kowa ta ɓangaren da iska ke tahowa, kada a taɓa makunnin lantarki, a kira 'yan kwana-kwana, a kuma miƙa musu takardar SDS ɗin tun a bakin ƙofa domin su san irin kumfar da za su haɗa.