Sinkin kicin mai dakali da kayan ɗorawa: abin dubawa kafin a biya kuɗi

Sinkin nan da ya cika shagunan kayan gini, daga Ƙofar Ruwa a Kano har Dei-Dei a Abuja, abu ɗaya ne ya raba shi da na da. A cikin bakinsa, ta gaba da ta baya, an fitar da siririn dakali, wani hawa ɗaya, wani biyu ko uku. A kansa ake ɗora katakon yanka, da kwandon tsane kaya, da tabarmar ƙarfe mai naɗewa ta kife kwanuka, ana tura su hagu da dama. Uwargida ta wanke tumatir da attaruhu a kwando, ta jawo katako ta yanka, ruwan duk ya koma cikin sinki, kan kanta a bushe. Ga mai ƙaramin kicin, wannan dabara ta cancanci kuɗinta. Sai dai masu shago sun fi tallata tarkacen da ke cikin kwali, alhali ingancin yana jikin ƙarfen da kuma dakalin.

A fara da ƙarfen. Sitenles mai lamba 304 ake so, wanda ke da kusan kashi 18 cikin ɗari na kuromiyam da kashi 8 na nikel. Mai lamba 201 an rage masa nikel, shi ya sa ya fi araha, kuma shi ne ke fitar da ɗigon tsatsa a bakin magudana da layin walda. Gwajin maganaɗisu da ake yi a kasuwa ba ya raba su, domin duka biyun ba sa kama shi sosai. Akwai ruwan gwaji na musamman da ake ɗigawa, launinsa ya nuna. Kauri kuma ana rubuta shi da geji, kuma ƙaramar lamba ce mai kauri: geji 16 kusan milimita 1.5 ne, geji 18 kusan 1.2. A nan ake yawan cutar mai saye. Sai a rubuta milimita 3 a kwali, alhali leɓen sama kaɗai ke da wannan kaurin, cikin kwamin bai kai milimita ɗaya ba. A kifa sinkin, a danna tsakiyar gindinsa da tafin hannu. Idan ya lotsa ya dawo da ƙara, a bar shi. A duba kuma ko an manna masa faifan roba na kashe ƙara a ƙasa da gefuna.

Dakalin shi ne zai ɗauki nauyin katako da hannun mai yanka kullum. A ɗora katakon tun a shago, a tura shi daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Kada ya cije, kada ya yi rawa, kuma kada ya zame ya faɗa idan an danna kusurwa ɗaya. Hawa ɗaya ya ishi yawancin gidaje. Hawa biyu yana da daɗi, don kwando na iya wucewa ta ƙarƙashin katako, amma kowane hawa ƙarin lungu ne da maiƙo zai kwanta. Kusurwa mai kaifi tsaf tana da kyau a hoto, goge ta ne wahala. Wadda aka ɗan lanƙwasa da milimita 10 zuwa 15 soso yana shiga cikinta.

Kayan ɗorawar ba su da ma'auni ɗaya. Katakon kamfanin Kraus ba lallai ya hau dakalin kamfanin Ruvati ko na Kohler ba, balle waɗanda ake shigowa da su daga Sin babu suna. Kafinta zai iya yanka sabon katako, amma kwandon da ya lalace samun daidansa sai an sha yawo. Katakon icce yana tsagewa da hunturu, yana yin fumfuna idan an bar shi kwance a jiƙe, don haka a riƙa jingine shi a tsaye. Ɗanyen nama a ba shi nasa katakon na roba. Saran ƙashi kuwa, irin na ranar layya, kada a kuskura a yi shi a kan dakali, zai lanƙwashe kuma ba ya miƙuwa.

Wajen girma, a je da awon tukunya mafi girma a gidan. Dakali yana cin faɗin ciki, saboda haka a auna daga ƙasan dakalin, ba daga leɓe ba. Mai santimita 75 da 45 shi ya fi yawa a kasuwa, kuma kwami ɗaya babba ya fi biyu ƙanana amfani a wannan tsari, tunda kwandon yana yin aikin na biyun. Zurfin santimita 23 zuwa 25 ya wadatar. Ya wuce haka, baya zai gaya wa mai wanke-wanke. Kabad ɗin ƙasa ya fi sinkin faɗi da kamar inci 3: sinki mai inci 33 yana son kabad mai inci 36. Wanda ake maƙalawa ta ƙarƙashin kanta sai kan dutse irin giranit, da maƙalai da tokari, ba silikon kaɗai ba. Idan kantar siminti ce da tayil, a ɗauki wanda ake zaunarwa ta sama.

Masu baƙin fenti, da famfo mai kwararo ruwa, da maɓallai, da abin wanke kofi, da allon nuna zafin ruwa, su suka fi jan ido, kuma su ne ba zan ba da shawara a kansu ba sai an duba ruwan gidan. Tankin da ke mita 10 sama da famfo ne ke ba da ƙarfin ruwa na "bar" ɗaya, wato ma'aunin ƙarfin ruwa. Tankin da ke mita 4 sama da famfo bai kai rabin haka ba, sai abin wanke kofi ya riƙa tsiyaya maimakon feshi, dole a ƙara injin tura ruwa. Maɓallan idan suka fara yoyo, kayan gyaransu na da wuyar samu, yashin rijiyar burtsatse kuma yana toshe ƙananan ramukan. Baƙin fentin yana kojewa daidai inda katako ke gogar dakali. Sinki zalla da famfo mai kyau da aka saya daban ya fi daɗewa.

Bututun roba mai murɗe-murɗe da ke zuwa a kwali a ajiye shi gefe. Manja da guntun tuwo suna taruwa a cikinsa, ruwan taliya mai zafi kuma yana sa shi laushi. Mai gyaran famfo ya sa bututun PVC na inci ɗaya da rabi, da lanƙwasar da ke riƙe ruwa ta hana wari dawowa. Magudanar da ke can baya ko gefe ta fi ta tsakiya, don tukunya ba ta toshe ta.

Kada a bar ruwan bilic ko gishiri ya kwana a ciki, suna huda ko da 304 ne. Soson ƙarfe yana barin ɓurɓushin da ke yin tsatsa. A yi amfani da soso mai laushi, a bi layin ƙarfen. Farin tabon ruwan bohol yana fita da ruwan khal ko lemon tsami, sannan a ɗauraye a goge dakalin da busasshen tsumma.