Ɗan dainoson roba da na saya wa yarona, ashe ɗan Nijar ne

Wallahi ban taɓa zaton zan zauna ina yabon kayan wasan yara ba, amma wannan ya burge ni. Na yi oda ta intanet, kusan sati uku kafin ya iso, kwalin duk ya lotse, wannan kam mai shagon bai kyauta ba, amma dai abun ciki lafiya lau.

Sunansa Nigersaurus, ɗaya daga dainoso, wato dabbobin nan na zamanin da can da suka ƙare, a Gadufawa cikin hamadar Tenere ta yankin Agadas aka tono ƙasusuwan na gaskiyan, Paul Sereno ɗan Amurka da abokan aikinsa suka raɗa masa suna a 1999, cikakken sunan Nigersaurus taqueti saboda Bafaranshe Philippe Taquet da ya fara gano ragowarsa. Dangin masu dogon wuya ne duk da nasa wuyan bai kai na sauran ba, tsawon jikinsa duka wajen mita 9.

Bakin ne ya fi tafiya da ni, sun yi shi da faɗi a miƙe kamar bakin shebur, kuma haka na gaskiyan yake, haƙora sama da 500, sabbi na maye tsoffi kamar duk kwana 14, kansa a ƙasa yana kiwo kamar saniya, shekara sama da miliyan 100 da suka wuce lokacin da wurin ke da koguna.

Robar na da nauyi, yana tsayuwa daram, fentin wutsiya ne kawai ya fara goguwa. Yaron nan har kwana yake da shi, jiya ma cewa ya yi sai na kai shi Agadas.